Amsar tambayarka kan modem ɗin nan mai 56K

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya aiki? Fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka da hoton modem ɗin da ka tono a cikin tsofaffin kayanka, na'urar nan da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, wallahi ina ganin 56K a jikinta ƙarar nan ta dawo mini a kunne, wannan ƙiiii da shhh ɗin da take yi kafin layi ya kama. Ka ce kana so ka san gudunta nawa ne a lissafin da muke gani yanzu, to ga shi yadda na sani.

56K ɗin nan bit take ƙirgawa, wato mafi ƙanƙantar ma'aunin data, bit 56,000 a sakan ɗaya, shi kuma fayil da bayit ake auna shi, bayit ɗaya bit 8 ne. Don haka raba 56,000 gida 8 sai ka samu bayit 7,000 a sakan, wato 7 kB. Ka dinga lura da harafin, ƙaramin b bit ne, babban B bayit, nan mutane da yawa ke ruɗewa har yau ma idan sun sayi data. Sannan K ɗin nan 1,000 ce cif, amma in kwamfuta tana ƙirga nata da 1,024 sai ka ga ta nuna maka wajen 6.8, kar ka ɗauka lissafinka ne ya ɓaci. In kuma Mbps kake so, wato miliyoyin bit a sakan, sai ka raba 56,000 da miliyan ɗaya, 0.056 ke nan.

Yanzu ka ɗora shi a kan abin da ka sani. MB ɗaya zai ci sakan 143, minti biyu da ɗoriya. GB ɗaya kuwa kusan awa 40 layi na riƙe, ba wanda zai iya kiran gidan, kuma in wani ya ɗaga kan tarho a ɗaya ɗakin shi ke nan layi na iya yankewa. Layin 100 Mbps na yanzu ya ninka ta fiye da sau 1,700.

Amma fa abin da na fi so ka riƙe shi ne ita 56 ɗin da wuya a taɓa ganinta a zahiri. Asalin lambar daga tsarin tarho ta fito, ana ɗaukar samfurin murya sau 8,000 a sakan kowanne bit 8, ya ba da 64,000, to bit 7 ne ake iya dogaro da su sai ya dawo 56,000. A Amurka ma dokar hukumar sadarwa ta FCC kan ƙarfin siginar layi ta tsayar da ita a wajen 53.3K, sauran kuma ya danganta da lafiyar wayar tagullar da nisanta, yawanci arba'in da wani abu mutum zai gani ya gode Allah. Kuma wannan duk na saukewa ne, wajen turawa tsarin V.90 na 1998 bai wuce 33,600 ba, wato bayit 4,200, sai da V.92 ya zo ya kai shi 48,000. Ni a ganina in kana son lissafi na gaskiya ka sa 5 kB a sakan kawai.

Tsofaffin da suka riga ta kuma lissafinsu daban ne kaɗan. Irin su Bell 103 mai bit 300 a sakan da masu 1,200 da 2,400, kowane harafi sai an sa masa bit ɗaya a gaba ɗaya a baya don a gane farkonsa da ƙarshensa, sai ya zama 10, don haka da 10 za ka raba. 300 ta ba ka harafi 30 a sakan, za ka iya zama kana karanta rubutun yana fitowa a fuskar kwamfuta layi bayan layi. Daga baya tsarin gyaran kuskure na V.42 ya cire waɗannan bit biyun a kan layi, shi ya sa a 14,400 da 28,800 raba da 8 ya fi kusa, bayit 1,800 da 3,600.

Ka kuma rubuta "56,000 baud" a saƙonka, wannan kam sai na gyara maka. Baud, wanda aka sa masa sunan Bafaranshen nan Émile Baudot, sau nawa sigina ke canzawa a sakan yake nufi. A 300 kam baud da bit ɗaya suke, amma modem mai bit 2,400 a sakan, baud 600 take yi kowanne na ɗauke da bit 4, mai 14,400 kuma baud 2,400 kowanne bit 6. Haka in ka haɗa ta ka ga an rubuta 115,200 kar ka yi murna, gudun igiyar da ke tsakanin kwamfuta da modem ne kawai.

Don Allah kar ka jefar da ita. Juya ƙasanta ka duba takardar da aka manna, V.90 aka rubuta ko V.92 ko kuwa x2 ko K56flex, waɗancan biyun da suka yi ta gasa a 1997 kafin a haɗa kai, ka ɗauko mini hoto ina son in gani.

Ka gaida madam da yara da kyau, sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum.