Yaya, a karanta wa Inna wannan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya jikin Inna, ya ƙafar tata, Allah Ya ƙara sauƙi. Yanzu ƙarfe ɗaya na dare a nan Serdang ta ƙasar Malaysia, ku na san yanzu ne ake shirin magariba, na kasa barci ne tunda na saurari saƙon da Auta ta turo min, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta komai dalla-dalla, don in a waya ne kati zai ƙare ban faɗi rabin abin da ke raina ba.

Wai Inna ta yi kuka saboda hoton nan? Wallahi Yaya abin ya tsaya min a rai. Wani abokin karatuna ne ya ɗauke ni a tashar bas ta cikin makaranta, ana ruwa, ina riƙe da lema da jaka a baya, ya ɗora a Facebook da kyakkyawar niyya, shikenan sai aka kai shi majalisar ƙofar gida ana cewa wai malamin jami'a guda ya je ƙasar waje ya koma bin layin mota, wai wahala ta kama ni, har da mai cewa na rame. Dan Allah ka zaunar da ita ka gaya mata lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, kuma a nan shiga bas ba alamar talauci ba ce sam.

Ka san jami'ar da nake karatu, UPM (Universiti Putra Malaysia), asalinta makarantar koyon noma ce tun 1931, har yanzu gonaki ne da shanu da filaye a cikinta, girmanta ya wuce a ce mutum ya taka daga masauki zuwa lab ya dawo kullum, ga rana mai ɗanɗano da ke sa riga ta jiƙe kafin ka yi nisa, da la'asar kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya. To bas-bas ɗin makaranta ne ke zagayawa, su kwashi ɗalibai daga hostel zuwa fakalti zuwa laburare su dawo, akwai sanyin AC, ba mai cusa mutum huɗu a kujerar mutum biyu, ba kwandasta mai ihu. Masu digiri na uku da 'yan aji ɗaya duk tare muke zama, akwai wani dattijo ɗan Indonisiya da ya girme ka nesa ba kusa ba, kullum da safe muna haɗuwa a kujera ɗaya. In kuma cikin Kuala Lumpur zan shiga akwai jirgin ƙasa na lantarki, layin Putrajaya, a watan Maris na 2023 aka ƙarasa buɗe shi, tashar ma sunan makarantarmu ne a jikinta, kuma ba direba a ciki, da kansa yake tafiya ya tsaya. Kati ɗaya ne ake ce masa Touch 'n Go, ka zuba masa kuɗi ka riƙa dangwalawa a ƙofa, bas ɗin da ke kai mutane tashar jirgi ringgit ɗaya ne kacal a kuɗinsu. Har tarago na mata zalla suka ware, ka gaya wa Inna wannan, na san zai mata daɗi. Tashoshi da yawa kuma akwai ɗan wurin sallah, surau suke ce masa.

Abin da ya fi damuna ba surutun majalisa ba ne, maganar da mai bi min ya kawo ce. Auta ta ce wai ya ce a ciro kuɗin motata da aka sayar a ƙara da wanda zan turo a sayi wata mota a ajiye a ƙofar gida, wai don bakin mutane ya mutu, shi kuma ya riƙa ja kafin in dawo. Yaya ban yarda ba. Ban yarda ba ko kaɗan. Kuɗin nan su zauna inda suke a hannunka, ko naira ɗaya kar a taɓa. Wa zai riƙa zuba mata mai? Tunda aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 kai kanka sau nawa ka ajiye taka ka hau adaidaita? Yaron da har yau bai riƙe sana'a ɗaya ta wata shida ba shi za a ba makulli, gobe ya dawo ya ce taya ta fashe, jibi injin, duk a kaina. Ka yi masa magana a matsayinka na babba, ni in na kira shi zuciya za ta ɗebe ni in faɗi abin da zan zo ina nadama.

Ni fa da na zo nan ne idona ya buɗe. Su ma suna haƙo mai kamar mu, kamfanin mai na Petronas nasu ne, har motocinsu suke ƙerawa, Proton da Perodua, kusan kowane gida da mota, amma ka ga gosulo da yamma a hanyar shiga gari sai ka tausaya musu, mutum ɗaya cikin mota ɗaya, awa guda yana ƙona mai a tsaye, ni kuma ina sama cikin jirgi ina wuce su ina duba takarduna. Bas ɗaya ta kwashi mutum arba'in, ka lissafa in kowannensu da motarsa ya fito, ina za a ajiye su a cikin makaranta, wane hayaƙi za a shaƙa. Kullum in na zauna a ciki sai in tuna Kabuga da yamma, tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita sahu ta cika ko'ina, hayaƙi har ido na yaji, Inna in ta dawo daga asibiti ta wannan hanyar sai ta kwana tana tari. Mu ba mota muka rasa a garinmu ba, tsari muka rasa. In Allah Ya dawo da ni lafiya ina da niyyar rubuta wa makarantarmu shawara a kan wannan, ko da bas biyar ne masu tashi a kan lokaci.

Toh ga maganar kuɗi. Gobe in sha Allahu za ka ga alat na dubu 350 ta hannun mutumin da ya saba. Dubu 120 na maganin Inna ne da ganin likita, kar a haɗa da cefane, kuma kar a sayo na hawan jinin nan a kemis ɗin bakin titi, a je inda likita ya ce. Dubu 100 a kai wa maman yara. Dubu 80 na Auta ne, kuɗin motarta na zuwa makaranta, a ba ta a hannunta ba ta hannun kowa ba, ta ce min daga gida zuwa sabuwar BUK ta dawo abin da take kashewa ya ninka, har ranar da ba ta da shi sai ta fasa lakca, wannan magana ta hana ni cin abinci ranar, ni ina nan cikin sanyin AC ƙanwata tana tsaye a titin Gwarzo tana ciniki da ɗan adaidaita. Sauran dubu 50 ka nema wa mai sunan Baba keke mai ƙwari ko na hannu ne, ya riƙa zuwa makaranta da islamiyya, ka sa a duba birki sosai.

Kar ka ga kuɗin ka ɗauka yawa gare ni. Alawus ɗinmu wata na uku kenan bai shigo ba, amma ba komai, muna maneji, girki nake da kaina, kuma rashin mota ne ya sa nake iya tara ɗan abin da nake turowa, ba mai, ba inshora, ba kanikanci. Wannan kar ka karanta wa Inna.

Na san na bar maka nauyi Yaya, kai ke kai ta asibiti, kai ke jin kukan kowa, ni sai dai murya a waya. Ka yafe min. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni in sufabaiza ya sa hannu a babi na huɗu.

Ka gaishe da Gwaggo da Kawu da Malam liman. In ka ji wani zai taho nan cikin watan gobe a haɗo min kuka da daddawa da yaji, a ɗaure sosai. Kuɗin motar nan dai kar a taɓa, in mai bi min ya matsa ka ce ni na hana. In alat ya shigo ka yi min filashin.

Ƙaninka.