Zuwa ga masu jiran 'yan tsanansu, ga abin da ya riƙe ni

Assalamu alaikum Hajiyoyina da iyayen yara, da ku Alhazai da kuke turo ƙannenku su yi maku ciniki dan kar a ce an ga babban mutum yana tayin 'yar tsana. Ina gaida kowa, ya sanyi, ya ƙurar nan, ya kuma shirin azumi, Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Saƙonninku na WhatsApp duk na gani, wasu na amsa wasu har yanzu ban ce uffan ba, kuma ba wulaƙanci bane wallahi, kunya ce ta hana ni. Mutum 11 na yi ma alƙawarin sati 2, yau ga shi mun shiga na 5. Shi yasa na ce gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, da in yi ta bin ku ɗaiɗai ina cewa gobe in sha Allah alhali na san goben nan ba ta da rana.

Kyanwata ce ta haihu a cikin audugar aiki. Wadda ta taɓa zuwa gidan ta san ta, farar nan mai baƙin tabo a hanci da yara suke ce ma Baturiya. Audugar kuma ba irin sosan katifa bace da ake yayyankawa a cusa, auduga ce ta gona da nake sa a kawo mani daga wajen Funtua bayan an gurje ta, in zauna in tsince ɓawo da guntun ƙwara da hannu, sannan in buɗe ta da bakan shiɓa na kakata har ta yi laushi ta tashi. Aikin kwana da kwanaki ne. Na cika babban kwando da ita na rufe da tsohon zane, na manta ban ja ƙofar ɗakin ba da daddare saboda an ɗauke wuta ina ta neman tocila. Da asuba na shigo sai na ji wani ɗan kuka siriri, na ɗaga zanen, ga ta kwance ta yi ɗaiɗai da 'ya'ya 4 idonsu a rufe, tana kallona kamar ni ce na shigo mata ɗaki ba sallama. Na tsaya na rasa mi zan yi, dariya ko kuka. Mai gidan ya leƙo ya ce to ai ta fi ki sanin auduga mai kyau, ya wuce masallaci abinshi.

Wata maƙwabciyata ta ce in ɗebe ta saman kawai in shanya sauran a rana, wa zai sani. Ni zan sani. Abin nan yaro ne zai rungume ya kwana da shi, wani ma a baki zai sa, kuma a cikin masu jiran nan akwai wadda tun farko ta faɗa mani ɗiyarta na da asma. Gashin kyanwa ba ya fita daga auduga ko an shekara ana tsinta. Dan haka kwandon gaba ɗaya na bar ma Baturiya da iyalinta, na aika a kawo wata, ta ɗau kwanaki kafin ta iso, na sake tsinta da shiɓa daga farko. Yanzu an sa ma ɗakin ƙofar raga mai sakata, ba kyanwa ba ko ni sai na wanke hannu na canza hijabi nake shiga. Duk da haka ina so ku sani gida ne mai dabbobi, wanda yaronshi ba ya shiri da gashin kyanwa ko kaɗan ya faɗa mani tun kafin ya turo kuɗi mu yi shawara.

Amma in zan faɗi gaskiya kyanwa ta tona asiri ne kawai, matsalar tawa ce, ina karɓar aiki fiye da ƙarfina. Mutane suna ganin hoto a Instagram sai su ɗauka wani kamfani ne da ma'aikata, alhali ni ce sai ƙanwata da ke taya ni ɗinkin kayan sawa in ta dawo makaranta, sai keken ɗinki na ƙafa guda ɗaya da ba ruwanshi da an kawo wuta ko ba a kawo ba. Da na idar da sallar asuba lambun bayan ɗaki nake fara shiga kafin rana ta ɗaga, zogale, yakuwa, tumatir da attarugu a cikin tsofaffin bokitai, lemun tsami ɗaya, gwanda biyu, sai lalle a jikin katanga. A wannan lokacin na rani kowane ɗigon ruwa saye ne wajen 'yan garuwa, dan haka ruwan wankin shinkafa da na alwala duk a gindin shuka suke ƙarewa. Daga nan in zuba ma tantabaru dawa, in jefa ma kunkurun ganyen latas, shi wannan tunda sanyi ya shigo ma ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi. Sai wajen ƙarfe 9 nake zama aiki, kuma fuska ba na yinta sai da hasken safe. Na gwada da fitilar caji, da gari ya waye na ga ido ɗaya ya fi ɗaya hawa sama, 'yar tsanar ta koma kamar mai harara, dole na warware.

Guda ɗaya in ba a katse ni ba kwana 3 take ci. Jikin dai ba wuya, a yanka yadi a ɗinke a juya, sai cusa auduga kaɗan kaɗan da tsinke har cikin 'yan yatsu, in aka yi gaggawa aka danna da yawa sai wuyan ya langaɓe bayan wata ɗaya. Inda lokaci ke tafiya shi ne kan 'yar tsanar. Zaren ulu nake dasawa layi layi da allura sannan in yi kitson gaske a kai, shuku ko kalaba, wani sa'in doka irin ta iyayenmu in amarya ce ta gargajiya, kuma kan bai fi lemun zaƙi girma ba, ku yi tunanin tsaga a wannan wurin. Kalar fata kuwa farin yadi nake rinawa, ganyen shayi da ɓawon albasa suna ba da wankan tarwaɗa, in ana son mai duhu sai na haɗa da galura ta kasuwa. Masu tambaya ko da zoɓon lambuna nake rina jajayen kaya, a'a, na gwada, ranar farko kamar jini, wanki ɗaya ya koma kalar toka. Lambun dai yana da nashi amfanin a aikin, busasshen ganyen bedi, darbejiyar mutanen Kano, shi nake sawa cikin akwatin yadi saboda ƙwari.

Akwai masu tambayata hukuncin abin, kuma ina jin daɗin tambayar. Ni ba malama bace, abin da na sani shi ne ya tabbata a hadisi Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, kuma malamai sun yi bayani mai faɗi kan abin wasan yara da kuma zancen fuska. Kowa ya tambayi malaminshi. Wadda take son marar fuska ina yi, kuɗin ma ya fi sauƙi, kuma wallahi da ɗankwali da 'yan kunne sai ta fi wata mai fuskar kyau. Mu da muka taso ai ƙashi ne ko totuwar masara muke naɗe ma tsumma, mu yi mata biki da guɗa da kai lefe a cikin gwangwanin madara, ba ido ba hanci, ba wadda ta taɓa cewa amaryarta ba ta da kyau.

Abin da ba na yi shi ne a turo mani hoton mutum a ce in fitar da kamanninshi sak. An sha roƙona, wasu kyautar zagayowar ranar haihuwa suke nufi, na yarda da su, amma kun san garinmu, ranar da aka tsinci 'yar tsana mai kama da kishiyar wata a ƙarƙashin gado ba wanda zai tsaya jin bayani, sunana ne zai yi yawo. Bafulatana mai ƙwarya, amarya da lifaya, ɗalibar Islamiyya da allonta, dogari da ja da kore, doki da kwalliyar hawa irin wanda yara ke gani a Ƙofar Soro ta fadar Sarkin Katsina ranar Sallah, duk waɗannan bismillah. Wata malama daga Daura ta sa na yi ma 'yan ajinta Daurama da macijin Kusugu, macijin ya fi komai ba ni wahala dan sai da na sa waya a ciki kafin ya yarda ya naɗe.

To ga yadda za mu yi. Mutum 11 ɗin nan su ne farko, bi da bi yadda kuka biya, kuma kuɗin mota a kaina. Wadda ta gaji da jira ta yi magana in maido mata kuɗinta cif, ba fushi ba gaba. Bayan su guda 10 kacal zan ƙara karɓa na Sallah, in sun cika na rufe, ko ɗiyar yayata ce sai bayan Sallah, dan da azumi daga la'asar kicin ne ke da ni. Za ku ga kuɗi ya ɗan motsa, ba sai na yi dogon bayani ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na yadi suka koma, na daɗe ina shanyewa ne. Rabin kuɗi kafin in sa almakashi, sauran in kin ga hoto kin ce ya yi. Na cikin gari a zo gida a karɓa bayan azahar, na Kano da Kaduna da Abuja ta tasha kamar kullum, zan turo lambar direba.

Dan Allah in yaron bai kai shekara 3 ba ku faɗa mani, ba na sa maɓalli ko duwatsun ado a nasu, komai da zare nake yi saboda haɗiya. Wanki kuma kar a jiƙa ta a bokiti, audugar dunƙulewa take, a cire kayan a wanke daban, jikin a goge da tsumma mai ɗan sabulu a shanya a inuwa.

'Yan kyanwar sun buɗe ido tun kwana 10, yanzu har sun fara hawa bokitin tumatir suna karya mani reshe. Sai sun kai sati 8 za a raba su da uwar, biyu an riga an kama, saura biyu, mai so ta yi magana, waɗannan kyauta ne.

Taku,
Mai 'yan tsana, Katsina