Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina kan yadda ake ɗaukar ɗiyanmu a jami'a

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina, ta hannun mai girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne, iyayen yaran da ke sakandiren gwamnati a wasu unguwanni na cikin birni, mun zo gaban uba da kukanmu, in an ga harshenmu ya yi kaifi a yi mana afuwa, abin ne ya kai mu maƙura.

Ranka ya daɗe, satin da ya wuce sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, yara suka yi ta tururuwa kafe suna biyan kuɗi a duba masu, aka dawo gida jiki a sanyaye. Akwai marainiya a unguwarmu, uwarta ƙosai take toyawa, makinta na JAMB ya haura 200, kiredit ɗinta biyar cif har da Turanci da Lissafi, ba ta samu ba, karo na biyu ke nan. Wani yaron likitanci ya nema aka jefa shi wani kos da ko sunansa bai taɓa ji ba, wai ya karɓa ko ya bari. A satin nan dai muka ga waɗanda makinsu bai kai nata ba suna ɗora hotuna a Facebook ana taya su murna, kuma in ka bincika za ka ishe ko dai makarantar kuɗi suka yi ko akwai mai ɗaga masu waya. Ba hassada muke ba wallahi, su ma ɗiyanmu ne, amma a faɗa mana ma'aunin da aka auna su da shi.

Abin da ya fi ci mana rai, ashe akwai masu bi gida gida suna cewa suna da kujera, a kawo kuɗi. Wani dattijo tunkiyarsa ya sayar ya ba su, yau wayar mutumin a kashe take.

Ita JAMB maki 400 ne gaba ɗaya, a 2025 aka ce 150 ne mafi ƙarancin na shiga jami'a, tau amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane kos da nasa, mu ba mai yi mana bayani sai an gama. Tun 2015 jarabawar ta koma kan kwamfuta kacokan, yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarabawa ya zai kara da wanda ya tashi da ita a ɗaki? Ga lambar NIN tun 2021, harafi ɗaya ya saɓa da na takardar WAEC ko NECO an shiga uku. An kawo CAPS, tsarin JAMB na ɗaukar ɗalibai ta intanet, a 2017 aka ce ta zo kashe alfarma, mun yi murna, sai ga yara da yawa ba su ma san dole su ɗora sakamakonsu ba, ba su san sai sun shiga sun danna amincewa ba, kuma babu malamin da ya taɓa zaunar da su ya nuna masu. Wasu ajujuwan an shafe zango ba malamin Fiziks ko Kemistiri.

Ba yau muka fara ba. Mun je wurin masu unguwa, an yi taron iyaye da malamai, mun rubuta takarda, mun ga kansila, an ce za a duba, an ce a dawo bayan salla, sallolin sun wuce.

Allah ya taimaki Sarki, garin da ke da Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, inda zamanin kakan mahaifinka Sarki Dikko aka buɗe Kwalejin Katsina da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a ce ɗan talaka ya gama sakandire da sakamako mai kyau ya ƙare a tuƙin Keke Napep, ai da kunya.

Roƙonmu, Mai Martaba ya sa baki jami'o'in gwamnati da ke jihar nan su riƙa fito da makin kowane kos a fili tun kafin a sayi fom, su kuma bayyana yara nawa aka ɗauka daga kowace cikin ƙananan hukumomi 34, nawa ne na makarantun gwamnati nawa na kuɗi. A sake duba na bana kafin jeri na biyu ya fito, musamman marainiyar nan, takardunta na hannunmu. A taimaka mana da kwamfutoci ko da na aro ne da malamin da zai koya wa 'yan aji shida, masu hannu da shuni na garin nan in Sarki ya yi magana za su ji. Masu sayar da kujera a kira su fada a tambaye su wa ke ba su. Makin nan dai, ranka ya daɗe, a liƙa shi inda kowa zai gani.

A shirye muke mu turo wakilai duk ranar da fada ta kira mu. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen ɗaliban sakandiren gwamnati, cikin birnin Katsina.