Ku riƙa faɗin sunan wanda ya haɗa kiɗan

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina cikin masu bibiyar shirinku na kiɗa da waƙa, kuma na ji daɗi da kuka taɓo tarihin gambarar zamani ta Amurka, wato hip-hop, har kuka ambaci albam ɗin Illmatic na Nas. Sai dai yadda aka kawo zancen, mai sauraro zai ɗauka wani yaro ne haziƙi ya shiga situdiyo shi kaɗai ya fito da abin mamaki. Ba haka aka yi ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Hazaƙar Nas kam babu musu a kanta. Nasir Jones sunansa, an haife shi a 1973, ya tashi a Queensbridge, wani tafkeken rukunin gidajen gwamnati na marasa ƙarfi a birnin New York. Bai yi nisa a boko ba ya ajiye. A 1991 aka fara jin muryarsa, baiti guda a cikin waƙar ƙungiyar Main Source, kuma wannan baitin ne ya sa aka shiga tambayar ɗan waye wannan. A 1992 wani mawaƙin gambara mai suna MC Serch ya taimaka masa ya samu kwantiragi da kamfanin Columbia. A shekarar ce kuma aka harbe amininsa Ill Will har lahira, zafin rashin yana nan a cikin waƙoƙin. Albam ɗin ya fito ranar 19 ga Afrilu, 1994, Nas yana da shekara 20.

To amma su wa suka shimfiɗa masa kiɗan? A wancan zamanin, abin da aka saba shi ne mawaƙi ya riƙe mai haɗa kiɗa ɗaya, ko tawaga ɗaya, daga farkon albam har ƙarshensa. A nan sai aka tara gwanayen New York wuri guda. DJ Premier ya haɗa uku, Large Professor uku, Pete Rock ɗaya, Q-Tip ɗaya, sai L.E.S., ɗan unguwarsu, shi ma ɗaya. Waƙa tara ke nan, da 'yar gabatarwa, duka ba su cika minti 40 ba. Kowannensu ya san ɗan'uwansa zai ji abin da ya yi, don haka babu wanda ya yarda ya kawo na baya-baya. Premier da bakinsa ya sha faɗa cewa da ya ji aikin sauran, komawa ya yi ya sake nasa. Wannan kishi na abokan sana'a, a ganina, shi ne rabin sirrin albam ɗin.

Aikin nasu ma ba danna maɓalli ba ne kawai kamar yadda wasu ke zato. Tsofaffin fayafayan garmaho suke tonowa, na jazz da soul, su saurara har su tsinci ɗan guntun da ya yi musu, su yanko shi, su sa na'ura ta riƙa maimaita shi, sannan su ɗora ganguna a kai. Pete Rock daga fiyanon Ahmad Jamal ya yanko nasa. Large Professor ya taɓo wata waƙar Michael Jackson ya juya ta, har sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane ta. A kan kiɗan Q-Tip kuwa Nas ya rera baitoci a sigar wasiƙa zuwa ga abokansa da ke kurkuku, yana ba su labarin unguwa, wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya ci amana. Da an ɗora waɗannan baitoci a kan kiɗa mai hayaniya, da babu mai tsayawa ya ji su.

Baƙo ɗaya tak aka ba baiti a duk albam ɗin, AZ, wanda ba a san shi ba a lokacin. A ƙarshen waƙar tasu, mahaifin Nas, Olu Dara, makaɗin jazz, shi ya busa ƙaho. Yau kuwa sai ka ga albam mai waƙa ashirin da baƙi goma sha, ka gama ji ba ka riƙe ko ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka kasuwa ta karɓe shi nan take. Masu satar fasaha sun riga sun baza kaset ɗinsa a titi tun kafin ya fito, abin da 'yan kasuwar fim da waƙa na Kano ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Mujallar The Source ta ba shi makirufo biyar, makinta mafi girma, amma sai a 2001 aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. A 2021 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fayafayan da ake adanawa don tarihi.

Roƙona, Malam Edita, bai da yawa. Matasanmu na Kano da Kaduna da Jos suna gambarar Hausa, kuma bayan kowace waƙa akwai wani da ya kwana gaban kwamfuta yana gyara kiɗa, sau da yawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Idan masu gabatar da shirinku sun sa waƙa, ta gida ko ta waje, su riƙa haɗawa da sunan wanda ya haɗa kiɗan. In da hali ma, a ware mako guda a gayyato biyu ko uku daga cikinsu, su zo da kayan aikinsu, su nuna mana yadda ake yi.

Allah ya ƙara basira. Na gode.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya