Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Masu Nutso, Akra

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan'uwana na Nima, Mamobi, Sabon Zango da Ashaiman, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar taro.

Zaman wata-wata bai tsaya ba sai a watan azumi. Mun kai gudummawa wurin suna da biki, mun kuma je ta'aziyya gidajen 'yan'uwan da suka yi rashi, Allah Ya jiƙan magabata. Aiki kuwa shi ne wanda kuka sani: kankare ƙasan jirgi, kwance raga da igiya daga farfela, da lalubo anka a gefen Tema da Jamestown. Waɗanda ake bi kuɗin wata sun san kansu, don Allah su sauke nauyin.

Abin da ya fi cin lokacinmu da kuɗinmu bana shi ne ragileta, wato na'urar da muke shaƙar iskar tukunya ta cikinta a ƙarƙashin ruwa, kuma dole in faɗi dalili. A watan Agusta, lokacin da tekunmu kan yi sanyi ya yi duhu, wani ƙanenmu yana ƙarƙashin jirgin kamun kifi yana yankan raga. Igiyar ruwa ta ɗaga shi, kan tukunyar iskarsa ya bugi ƙarfen jirgi, zoben robar da ke tsakanin tukunya da ragileta ya fice. Ina cikin kwalekwale, sai na ga ruwa yana tafasa a wuri ɗaya kamar an ɗora shi kan murhu. Allah Ya sa abokin nutsonsa yana kusa, ya miƙa masa bakin shaƙarsa na ajiya, suka hau tare. Da muka kwance ragiletar da yamma, 'yar matatar da ke bakinta ta yi baƙi ƙirin, cikinta kuma kore ne da farin gishiri, har sai da aka sa tsinke aka kankare. Ta hannu ce, an sayo ta da araha, kuma ni na sa hannu aka biya kuɗin don na ga sunan kamfani a jikinta. A daren nan ban yi barci ba.

Shi ya sa shugaba ya kafa kwamiti, ya ce kada a sake sayen ko ɗaya sai an san abin da ake nema. Saboda sababbin shiga, bari in tuna yadda abin yake aiki. Iskar da ke cikin tukunya a matse take, kuma ma'aunin matsin shi ake kira "ba" (bar): ba 200 ko 232, wata ma 300. Ɓangaren da ake ɗaurawa a kan tukunya, wanda muke kira uwa, shi ke rage ta zuwa kusan ba 9 ko 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye da kai. Na baki kuma ya sake rage ta daidai da abin da huhu zai karɓa. Duk mita 10 da ka sauka, matsi ya ƙaru da ba ɗaya, don haka a mita 40 kowane numfashi yana cin ninki biyar na abin da yake ci a sama, iskar kuma ta yi kauri. Ragiletar da ke ba ka iska lami lafiya a mita 6 tana iya sa ka jan numfashi da ƙyar a can ƙasa.

Abu na farko da kwamiti ya tsaya a kai shi ne hatimin EN 250, ƙa'idar ƙasashen Turai, wanda ake bugawa a jikin ƙarfen. Ana gwada ragileta a matsin mita 50, inji yana shaƙa sau 25 a minti ɗaya, lita 62.5 ke nan, kamar mutum mai aikin ƙarfi. Idan an ƙara harafin A, wato EN250A, an gwada ta mutum biyu suna shaƙa daga uwa ɗaya a lokaci guda, amma iyakar wannan gwajin mita 30 ne. Ku riƙe wannan adadin. Ranar da ƙanenmu ya karɓi iskar abokinsa, irin wannan hali aka shiga.

Na biyu, yadda ake haɗa ta da tukunya. Yawancinmu mun saba da mai matsewa, wadda ake ɗora ta a kan bakin tukunya a murɗa daga baya. Zoben robarta a fili yake, kuma ba a wuce matsin ba 232 da ita. Nau'in DIN kuwa murɗa shi ake yi ya shige cikin bakin tukunyar, zoben ya ɓuya a ciki, akwai ma wanda ke ɗaukar ba 300. Masu nutso mai zurfi da masu shiga cikin jiragen da suka nutse shi suke amfani da shi, don ko kai ya bugi ƙarfe da wuya zoben ya fice. Mu da muke yini ƙarƙashin ƙarfe ba mu da hujjar tsayawa kan tsohon yayi.

An yi gardama sosai a kan abu na uku. Wasu ragiletocin an rubuta musu cewa na ruwan da ya haura digiri 10 ne kawai, wasu kuma an gwada su a ruwa mai digiri 4. Wani babban yayanmu ya ce, "Malam sakatare, ƙanƙara muke da ita a Tema da za mu biya kuɗin ta ƙasar sanyi?" Gaskiyarsa ce, a zurfin da muke aiki ruwanmu ba ya kusantar wannan sanyin. Amma na tsaya kan a sayi mai rufaffiyar uwa, wadda ruwa ba ya shiga cikinta, domin abin da ke hana ƙanƙara shiga shi ne ke hana laka da yashi da baƙin man tashar jirgi shiga. Da aka zagaya da waccan koriyar ragileta hannu zuwa hannu, yayan namu ya jinjina kai ya ce a saya.

Sai batun gyara. Ragileta mai tsada da ba a samun zobbanta da kayan cikinta a kusa, bayan shekara biyu ta zama kayan ado. Mun zaɓi nau'i ɗaya ga dukkan kayan ƙungiya domin kayan gyaran wannan su shiga wancan, muka kuma buɗe littafi: kowace ragileta da lambarta, ranar da aka duba ta, da abin da geji ya nuna. Ta hannu ba mu haramta ba, amma ba za ta taɓa ruwa ba sai an kwance ta an sake mata zobba.

A ƙarshe mun sayi sababbi huɗu, muka mai da bakin tukwane shida zuwa DIN, muka ajiye tsofaffi uku gaba ɗaya. Kowace sabuwa tana da dogon tiyo na mita 2.1 wanda ake miƙa wa ɗan'uwa, da gajere da ke rataye a wuya. Mun yi atisayen miƙa iska sau uku a ruwa marar zurfi, kuma a karo na farko kusan kowa tiyon ya harɗe masa.

Ga samarinmu da ke hangen aikin rijiyoyin mai ta wajen Takoradi ko zurfin tafkin Volta, ina roƙonku ku saurara. Sabon kaya bai ba kowa izinin wuce mita 40 ba. Wancan nutson yana buƙatar uwa biyu a kan tukwane biyu, da tsayawa a hanya kafin a fito, da horo a hannun malami mai takardar shaida. Tukunyar da oksijin ɗinta ya haura kashi 40 cikin ɗari kuma tana da ragiletarta ta musamman, wadda aka wanke babu ɗigon mai ko giris na gama-gari, don oksijin a matse idan ya haɗu da maiƙo yana iya kamawa da wuta. Tsantsar oksijin ba a shaƙarsa a zurfin da ya wuce mita 6. Ƙungiya ba ta da irin wannan ragileta tukuna, don haka kada wanda ya ɗaura tamu a kan irin wannan tukunya. Kwamiti ya ba da shawarar a tara kuɗin horon mutum biyu a shekara mai zuwa, kuma za a jefa ƙuri'a a kai.

Taro mai zuwa ranar Lahadin farko ta wata ne, bayan sallar la'asar, a inda muka saba. Kowa ya zo da ragiletarsa ta kansa, ko da yana ganin lafiyarta ƙalau, za a ɗora mata geji a shigar da ita littafi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya