Wasiƙa daga Wroclaw

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya su Hajiya, ya garejin? Fatan kowa lafiya. Ni dai sanyin Poland na nan yana gasa mana aya a hannu amma alhamdulillah.

Wallahi ranar Lahadi kai kaɗai nake ta tunawa, wani dattijo maƙwabcina ya ja ni filin wasa kallon tseren babur da suke kira speedway, su a nan żużel suke cewa. Mashin ɗin fa ba birki, giya ɗaya ce tal, injin 500cc kuma ba fetur yake sha ba methanol ne. Mutum huɗu ake saki su zaga fili sau huɗu, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu an gama. In sun zo kwana sai ka ga sun kwantar da mashin tayar baya na zamewa gefe tana watsa ƙasa, ƙafar hagu da takalmin ƙarfe tana jan ƙasa, har kan rigata sai da tsakuwa ta faɗo. Na ce ina ma kana nan ka ga injin nan da idonka.

A hanyar dawowa dattijon ya dinga ba ni labarin Ivan Mauger, ɗan New Zealand, wai a wannan filin da muka zauna ya ci kofin duniya a 1970, na uku a jere bayan 1968 da 1969. Shi ya sa wasu Amurkawa biyu suka sa aka lulluɓe mashin ɗin da zinare, yanzu yana hannun gidan tarihin Christchurch garin da aka haife shi.

Amma abin da ya tsaya min a rai farkonsa ne. Yana ɗan shekara 17 ya tafi Ingila a 1957 ya shiga ƙungiyar Wimbledon, abu ya ƙi, har aikin gyaran fili ya riƙa yi don ya samu na abinci, ƙarshe ya tattara ya koma gida ba komai a hannu. Sai 1963 ya sake komawa Ingila ta ƙungiyar Newcastle, daga nan fa ba wanda ya iya tare shi. Ya ƙara cin kofin duniyan a 1972 da 1977. A 1973 ya faɗi a tseren raba gardama ɗan Poland Jerzy Szczakiel ya ɗauke kofin, dattijon nan da ya zo nan a labarin har muryarsa rawa take don murna. Kofin Mauger na shida a 1979 ne yana da shekara 39, a Poland ɗin dai. Ya rasu 2018 a Ostireliya.

Na san yadda rufe shagon farko ya taɓa ka, shi ya sa da na ji shekarun nan da ya yi a gida kafin ya koma kai ka faɗo min. Dan Allah ka rubuto min yadda sabon wurin yake tafiya, ka samu yaran da za su taya ka kuwa?

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a jarrabawa ta matso.

Naka har kullum.