Ɓauren da Aka Ƙara wa Shekara Ɗaya

Sakkwato

Aminina,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan sai godiya, ban da zafin bazara da ke kai mu kwana a tsakar gida.

Takardarka ta iso, kuma maganar yaron nan naka ta hana ni barci. Ka ce sau uku yana barin makaranta, ka gaji, za ka sallama shi. Da na karanta sai na tuna ɓauren nan na bakin fadama, hanyar Gulbin Rima, wanda muke jifa muna yara, mu fasa 'ya'yan mu hure ƙwarin ciki kafin mu ci. Daren nan na ɗauko Littafi Mai Tsarki na bi inda aka ambaci itacen.

Tun a Farawa 3:7 yake, inda Adamu da Hawwa'u suka ɗinka ganyensa don rufe tsiraicinsu. A zamanin Sulemanu kuwa, 1 Sarakuna 4:25, alamar zaman lafiya shi ne kowa na zaune a gindin inabinsa da ɓaurensa. Na san za ka kawo mini Markus 11, inda Yesu ya la'anci ɓaure a hanyar Betanya saboda ganye kawai ya tarar. Amma duba abin da Markus ya sa tsakanin la'anar da bushewar itacen: korar 'yan kasuwa daga Haikali. A ganina, da masu addinin nuna wa mutane ake magana, masu ganye shar ba 'ya'ya. Yaronka bai taɓa yi maka wannan riyar ba. Rauninsa a fili yake.

Ɓauren da ya dace da yaronka yana cikin misalin da Yesu ya bayar a Luka 13:6-9. Mai gona ya yi shekara uku yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare itacen, yana cin ƙasa a banza. Ai yana da gaskiya, kamar yadda kake da ita. Sai mai kula da gonar ya roƙa a bar shi bana ma, zai tone gindinsa ya zuba taki. Abin da ya fi taɓa ni, bai ce a zauna a jira ba, aiki ya ɗora wa kansa. Kuma Luka bai faɗi ko itacen ya yi 'ya'ya ba. Nan labarin ya tsaya.

Don haka ga roƙona. Ka turo mini shi bayan girbi. Ya zauna gidana shekara ɗaya, mu yi noman rani tare, albasa da tumatir, da yamma ya yi karatu. Maman yara ta yarda, har ta fara gyara ɗakin zaure. Kada ka yi masa faɗa ranar da zai taso, ka raka shi tasha da kanka.

Ka gai da Baba, ka ce ina tambayar ƙafarsa. Ina jiran amsarka.

Naka har kullum,
Amininka na Sakkwato